Gwaiwar Kawu da Mutum-mutumin da ke Ɗinke Inabi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta barinsu su saurara.

Maganar yau da ɗan nauyi, in kana kusa da surukinka ka sa abin kunne. A kan gwaiwa za mu yi magana. Eh, gwaiwa. Na san wani ya riga ya fara murmushi, kuma wannan murmushin yana cikin abin da ya kawo mu.

Kwanakin baya wani abokina ya turo bidiyo a zaurenmu na WhatsApp na samarin Kankia da Kusada. Wasu 'yan hannayen ƙarfe ne suka kama fatar ƙwayar inabi suna ɗinke ta da zare, tsaf, ko ɗigon ruwa bai fita ba. Ya rubuta a ƙasa cewa Turawa sun gama da mu, yanzu har aikin gwaiwa mutum-mutumi ke yi musu. Wani ya amsa cewa shi in dai ba wannan na'urar ba, babu likitan da zai sa masa wuƙa. Wasa yake yi, kowa ya yi dariya. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, saboda kawuna.

Kawuna manomi ne a wani ƙauye ta ɓangaren Kusada. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garin ba, don ya ce in na tona shi a wannan rediyon namu na waya, ba ni ba shi. Shekara 11 yana ɗauke da abin nan. Mun taso muna ganinsa kullum cikin doguwar riga mai faɗi, ko gona za shi, muna cewa Kawu ɗan gayu ne. Ashe sutura ce. In ta sauko sai ya shiga ɗaki ya kwanta rigingine, ya tura ta da hannu a hankali, ta yi ƙugi ta koma. Ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri, ya sha saiwoyi, ya sayi na masu lasifika a kasuwa har ba iyaka. Asibiti ne kawai bai je ba, saboda ya ji an ce in aka yi wa namiji aikin, shi da iyali sai kallo.

Da kakar bara waccan suna loda dammunan gero a amalanke, da yamma ta sauko ta ƙi komawa. Ya daure. Bayan isha ya fara amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Duk da haka bai yarda an ɗauke shi ba sai washegari da azahar, lokacin ba ya iya miƙewa. Aka goya shi a babur zuwa bakin kwalta, aka samu mota zuwa asibitin gwamnati. Likita ya duba ya ce hanji ya shaƙe. Da aka buɗe, wani yanki na hanjin ya riga ya mutu ya yi baƙi, sai da aka yanke aka haɗa. Leda 2 ta jini aka ƙara masa, ya yi kwana 16 a kwance, aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa guda biyu. Kuma duk wanda ya san noma ya san sa ɗaya ba ya jan garma. Allah Ya yi da sauran kwana. Likitan ya ce wa ɗansa, da tun shekarun baya ya zo, aikin kamar awa ɗaya ne, washegari ya koma gida.

To mece ce ma gwaiwar? Ka ɗauki ciki kamar buhu, hanji kuma kayan da ke ciki. Akwai wurare a jikin buhun da saƙarsu ba ta da ƙwari tun asali: cibiya, da matsematsi, da duk inda aka taɓa yanka. A namiji matsematsin ya fi rauni, saboda tun yana cikin mahaifiyarsa 'ya'yan marainansa daga cikin ciki suke saukowa ta nan, sai su bar hanya. Shi ya sa a lissafin likitoci, cikin maza 100 kusan 27 za su buƙaci wannan aiki a rayuwarsu, mata kuwa kusan 3. In wurin ya buɗe, hanji ko kitsen ciki ya leƙo. Tana ƙarama a matsematsi mu ce ƙaba, in ta gangara cikin jaka ta yi girma mu ce gwaiwa. Sai dai akwai wata gwaiwar da ruwa ne kawai ya taru, babu hanji a ciki, kuma a baki duk suna ɗaya muke kiransu. Wannan haɗa sunan yana da haɗari, domin wanda ya ɗauka ruwa ne ya bari aka yi masa sakiya, alhali hanji ne, an huda masa hanji ke nan. Likita ne ke rarrabewa.

Kuma tunda huji ne, babu saiwa, babu ƙwaya, babu allurar da ke ɗinke shi. Ɗan Adam ya yi shekaru dubbai kafin ya yarda da wannan.

A wata tsohuwar takardar magani ta Misirawa da ake kira Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, an yi maganar kumburin da ke fitowa a ciki in mutum ya yi tari. Wato tun zamanin Fir'aunoni ana fama. Dabarar farko ita ce ɗamara: a tura ta ciki, a ɗaure da fata ko ƙyalle. A Andalus, babban likitan Musulmi na Ƙurɗuba, Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayaninta a littafinsa Al-Tasrif. Cikin hanyoyin da ya kawo akwai lalas: a kwantar da mutum, a mayar da hanjin, a yi alama, a ƙona wurin da jan ƙarfe don tabo ya toshe ƙofar, sannan ya yi makonni a kwance. Babu allurar barci fa. Ka tsaya ka yi tunanin wannan.

A Turai kuwa akwai masu yankan gwaiwa da ke yawo gari-gari kamar 'yan koli. Su hanyarsu gajeruwa ce: su ɗaure jakar, su yanke har da ɗan maraina, su karɓi kuɗinsu su bar gari kafin zazzaɓi ya kama mutum. Abin ya yi yawa har a ƙarni na 16 likitan Faransa Ambroise Paré ya fito ya yi tir da wannan fiɗiyar. Kun ga ashe tsoron Kawu yana da tushe a tarihi. An taɓa yin zamanin da aikin gwaiwa yake tafiya da mazakuta. Abin da bai sani ba shi ne an bar wannan zamanin da daɗewa. Likitan yau aikinsa shi ne ya kare jijiyoyin da ke zuwa ga maraina, ya ɗaga su gefe, ya gyara bangon da ke bayansu. Gwaiwar da aka bari ta kai gwiwa ita ce ma ta fi hana mutum iyalinsa.

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofar tiyata ta zamani: maganin sa barci da aka nuna a bainar likitoci a Boston ta Amurka a 1846, da dabarar kashe ƙwayoyin cuta da Joseph Lister ya wallafa a 1867. Amma wanda ya warware matsalar gwaiwa wani Ba'italiye ne, Edoardo Bassini, kuma labarinsa yana burge ni. Yana matashin likita ya shiga rundunar 'yan sa-kai masu yaƙin haɗa kan Italiya. A 1867 aka soke shi da banati a matsematsi, har hanjinsa ya huje, ya yi watanni yana jinya. Wato mutumin ya san wurin nan ta jikinsa kafin ya san shi ta wuƙa. Da ya zama farfesa a Padua, a shekarun 1880, sai ya ce kuskuren magabata shi ne suna toshe rami, maimakon su sake gina bango. Ya riƙa buɗe wurin, ya ɗaure jakar tun daga wuyanta, ya ɗinke naman bangon hawa-hawa, ya bar wa jijiyar maraina hanyarta. Ya bi sawun marasa lafiyarsa ya ƙirga. Cikin ayyuka sama da 250, waɗanda ta dawo musu ba su kai 10 ba, a zamanin da dawowarta ta zama ruwan dare. Ba shi da wutar lantarki irin tamu, balle kwamfuta. Har gobe akwai likitoci a ƙasar nan da ke yin ɗinki a kan tsarinsa.

Bayan shi aka yi ta gyara. A 1945 wani likita a Kanada, Shouldice, ya buɗe asibitin da ba ya komai sai gwaiwa, kuma sakamakonsu ya nuna abin da kowane mai sana'a ya sani, hannun da ya saba ya fi. A ƙarshen shekarun 1950 Francis Usher a Amurka ya fara sa raga ta roba. A shekarun 1980 Irving Lichtenstein ya yaɗa hanyar da ta fi shahara yau: maimakon a jawo nama a ɗinke da ƙarfi ya yi ta ja, a shimfiɗa raga a kan wurin kamar faci, nama ya tsiro ta cikin idanunta. Ana iya yi da allurar kashe wurin kawai, mutum idonsa biyu yana hira da likita.

Yanzu mu dawo gida. Duk wannan yana faruwa, mu ina muke?

Muna da namu masu wuƙa tun kafin Bature. Wanzami yana kaciya, yana ƙaho, yana cire beli, yana sakiyar maruru, maɗori yana ɗora karaya. Amma buɗe ciki ba sana'arsu ba ce, kuma wanzami na ƙwarai ya san iyakarsa. Saboda haka mai gwaiwa a ƙasar Hausa abin da ya rage masa ɗamara ce, da jiƙo, da babbar riga, da haƙuri da ba'ar abokan wasa. Da Turawa suka zo, asibitocinsu na farko na kansu ne da sojojinsu da ma'aikatansu. Sai a shekarun 1920 zuwa 1930 asibitocin En'e suka fara tsayuwa a manyan birane, irin na cikin birnin Kano da yanzu ake kira Asibitin Murtala. 'Yan mishan, da aka daɗe ana taka musu birki a masarautun Musulmi, ta ƙofar jinyar kutare suka shigo, shi ne tarihin Babbar Ruga a nan Katsina, wadda daga baya ta zama cibiyar aikin yoyon fitsari. A Galmi ta Nijar sun buɗe asibiti a 1950, kuma har yau Hausawa daga ɓangarorin iyaka biyu suna zuwa can tiyata. Likitan farko ɗan Arewa shi ne Dakta Barau Dikko, wanda ya fito daga Wusasa. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta fara koyar da likitanci ba sai 1967. Ka lissafa: shekara 80 ke nan tsakanin ɗinkin Bassini da ranar da Arewa ta fara horar da likitoci masu digiri a jami'arta. Jihar Katsina kanta a 1987 aka ƙirƙiro ta.

Saboda haka in ka ga dattijo a Yashe ko Rimaye ko Kafin Soli yana gudun asibiti, kada ka yi saurin cewa jahilci. Kakansa bai ga asibiti ba. Ubansa ya ga asibiti a matsayin wurin da ake kai mutum in ya kusa mutuwa, kuma tunda sai a lokacin ake kai shi, sau da yawa can yake mutuwa, sai labari ya tabbata. Wannan zagayen ne muka gada.

Akwai wani babi na tarihin nan da nake so kowane matashi ya sani, don ya fi kama da mu. Ragar da kamfanoni ke sayarwa tana da tsada. A shekarun 1990 wasu likitocin karkara a Indiya, Brahma Reddy da Ravindranath Tongaonkar, suka duba gidan sauro suka ga ai saƙarsa kusan ɗaya da ragar. Suka yanka, suka dafa shi a tukunyar tsarkake kayan tiyata, suka yi aiki da shi, ya yi. Ƙungiyar Operation Hernia da ta fara aiki a Takoradi ta ƙasar Gana a 2005 ta ɗauki dabarar. Daga baya aka gwada a gabashin Yuganda da mutum 302, rabi aka sa musu ragar kamfani, rabi ta gidan sauro, aka wallafa sakamakon a 2016 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Bayan shekara ɗaya babu wani bambancin kirki a dawowa ko matsala. Ragar kamfani dala 125, ta gidan sauro ba ta wuce dala 1 ba.

Don Allah a ji ni da kyau a nan. Ba gidan sauron da ake raba mana mai feshin magani ba ne. Wani nau'i ne na musamman marar magani, wanda aka gwada robarsa, aka tsarkake shi a asibiti. Kada wani ya ce na ce.

Sai mutum-mutumi. Kafin shi akwai tiyatar huji, wadda ta bazu daga ƙarshen shekarun 1980: maimakon a tsaga, sai a yi 'yan huji uku, a hura ciki da iska, a zura kyamara da dogayen almakasai, likita yana kallon talabijin yana aiki. A farkon shekarun 1990 aka fara yin gwaiwa haka, a shimfiɗa ragar ta ciki. Matsalarta, kayan aikin miƙaƙƙu ne kamar sanda, ba sa lanƙwasa, koyonsu da wuya.

Shi mutum-mutumin tiyata, da kuɗin sojan Amurka aka reni tunaninsa. Burinsu likita ya zauna nesa da fagen daga, ya yi wa sojan da aka harba aiki ta na'ura. Wannan burin bai cika yadda suka so ba, amma 'yan kasuwa suka ɗauki fasahar. A shekarar 2000 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar da Vinci, wadda ita ce a bidiyon inabin nan. Ranar 7 ga Satumba 2001, Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a New York ya cire wa wata mata mai shekara 68 maɗaciya tana kwance a Strasbourg ta Faransa, da wata na'urar mai suna Zeus, teku a tsakaninsu. Kwana huɗu bayan nan aka kai harin 11 ga Satumba, labarin ya nutse. A Afirka ta Kudu wani asibiti a Pretoria ya kawo da Vinci a 2013. A Najeriya sai a 2025 aka fara jin labarin irinta a asibiti mai zaman kansa a Legas, kuma aikin da aka kawo ta dominsa na furostet ne, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Ga abin da abokina na WhatsApp bai gane ba. Sunan mutum-mutumi yana ruɗarmu. Na'urar ba ta tunani, ba ta yanke shawara, ko ɗinki ɗaya ba ta yi da kanta. Likita ne ke zaune a gefe cikin ɗakin, ya cusa fuskarsa a madubi, ya sa yatsunsa a maɗauri, duk motsin da ya yi hannayen ƙarfen su kwaikwaya. Tana ƙara masa girman gani, tana cire rawar hannu, kanun kayanta suna juyawa kamar wuyan hannu. Keken ɗinki ne mai tsada. In tela bai iya yanka ba, keke ba ya gyara masa riga.

To ta fi ne a aikin gwaiwa? An gwada. A 2020 aka wallafa wani gwaji da aka yi a asibitocin Amurka da mutum 102 masu ƙabar matsematsi, wasu aka yi musu da mutum-mutumi, wasu da tiyatar huji ta hannu. Ciwo bayan aiki, komawa harkoki, matsalar rauni, duk kusan ɗaya. Inda aka bambanta: na mutum-mutumi ya ci kamar minti 75, ɗayan kamar 40, kuɗinsa kuma ya ninka fiye da sau biyu. Ni ba maƙiyin na'ura ba ne. A aiki mai zurfi cikin ƙugu irin na furostet, ko babbar ɓarakar bangon ciki mai wuyar ɗinki, likitoci da yawa suna yabonta, kuma ina fatan ranar da za a kafa ta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano, yaranmu su koya. Amma ita kaɗai kuɗinta yana kai dala miliyan 2, ban da kuɗin kula da ita duk shekara, ban da kanun kayanta da ake jefarwa bayan 'yan ayyuka ƙididdigaggu, ban da wutar da ba ta ƙiftawa. Dala miliyan 2, ko a farashin ragar kamfani mai tsadar nan, raga 16,000 ce.

Kuma ga wani abu da ba a faɗa a talla. Aikin huji, da na'ura ko babu, sai an sa mutum barci gaba ɗaya an sa masa bututun numfashi. Aikin tsagawa ana iya yinsa da allurar baya ko ta kashe wuri, wanda ya fi sauƙi ga tsoho mai hawan jini ko ciwon zuciya. Sannan irin tamu da ake ajiyewa shekara goma har ta cika wando, likitoci sun fi buɗe ta. Inda huji ya fi amfani shi ne in gefe biyu ne, ko an taɓa tsagawa ta dawo, ko kuma a mace.

Tunda na ambaci mata, bari in tsaya. Mun mayar da ciwon na maza, shi ya sa mace in ta ji ɗan ƙullutu a saman cinya sai ta ce kaluluwa ce. Akwai nau'in da ke fitowa a nan, ya fi yawa a mata, ƙofarsa matsattsa ce, kuma ya fi saurin shaƙe hanji. Wannan ba a jinkirta shi. Haka jariri ko yaro da marainansa ke kumbura in yana kuka, a kai shi da wuri, aikinsa ƙarami ne, ba a ma sa masa raga. Cibiyar yara da ke turowa kuwa yawanci tana rufewa da kanta kafin shekara 4 zuwa 5, ɗaure ta da kwabo ba ya ƙara komai sai ƙuraje.

Wani zai ce ai ya karanta cewa in ba ta ciwo ana iya barinta. Gaskiya ne, an yi wannan binciken a Amurka da Kanada da maza 720, aka wallafa a 2006, aka ga shaƙewa ba ta da yawa ga masu 'yar ƙarama marar ciwo. Amma da aka ci gaba da binsu, cikin shekara 10 kusan kashi biyu cikin uku sun dawo an yi musu aikin saboda ta fara damunsu. Kuma su waɗannan mutane likita yana duba su, in ta maƙale da dare motar asibiti na zuwa ƙofar gida. Kai da ke ɗaukar buhun masara a ka, tsakaninka da kwalta akwai rafi da damina, kuma dare ya yi ba kowace hanya ake bi ba a jihar nan, lissafinka daban ne. Bari likita ya ce maka jira, kada kai ka ce wa kanka.

Ranar da ta fito ta ƙi komawa, tana ciwo mai tsanani, ga amai, ga ciki ya kumbura, ko fatar wurin ta yi ja ko duhu, to ba maganar gobe ba ce. Kada a danna da ƙarfi, kada a ba shi kunu ko jiƙo, don cikin da babu komai ake so in za a sa barci. A nemi mota a lokacin. Hanjin da jini ya daina zuwa masa awoyi kaɗan yake ɗauka ya fara mutuwa.

In kuma ka je da ƙafarka, ka yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. Ta ruwa ce ko ta hanji? Wa zai yi aikin, kuma ya saba yinsa? Za a sa raga ko ɗinki ne zalla? Wace allura za a yi mini? Nawa ne gaba ɗaya, har da magani da gwaji? In na koma gida na ga kumburi ko ruwa, wa zan nema? Ka gaya masa in kana da tsohon tari, ko kana yunƙuri wajen fitsari ko bayan gida, ko kana shan taba, domin su ne ke sa ta dawo. Ka kuma sani ba aikin da ba shi da nasa: cikin mutum 10 kusan ɗaya yana iya jin wani ciwo-ciwo a wurin na tsawon watanni, kaɗan kuma takan dawo musu. Wannan gaskiya ne ko da wuƙa aka yi, ko da huji, ko da na'urar dala miliyan 2. Tambayar ƙarshen nan ta wa zan nema, a riƙe ta musamman lokacin aikin gwaiwa kyauta da 'yan siyasa da ƙungiyoyi ke kawowa. Alheri ne, mutane da yawa sun amfana, amma tawagar kwana uku take yi ta tafi, rauni kuwa sai bayan mako yake nuna halinsa.

A 2015 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata. Ma'aunin da suka kafa mai sauƙi ne: mutum ya iya isa inda za a buɗe masa ciki cikin awa 2. Da wannan ma'aunin nake so mu riƙa auna masu neman ƙuri'armu a mazaɓar Kankia, Kusada da Ingawa. Muna da babban asibiti a Kankia, a kan titin Kano zuwa Katsina. In ɗan takara ya zo, tambayar ita ce likita nawa zai tsaya a kawo masu kwana a garin, da mai ba da allurar barci, da iskar oksijin, da jini a firji, da sola a ɗakin tiyata, da raga a kantin magani. Muna da makarantar koyon aikin lafiya a Kankia, ɗalibanta su ne ke zama a ƙananan asibitocin ƙauye, su ne farkon wanda dattijo zai iya ɗaga wa riga in ya yarda da su. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a ƙasar nan, jiha kuma tana da hukumarta. Mu da muka yi boko, aikinmu ne mu je ofishinsu mu tambaya me tsarin ya ƙunsa, mu dawo mu fassara wa iyayenmu.

Sannan mu rage dariyar. Ni kaina na yi ta, a dandali, a makaranta, har a gaban Kawu ban san da shi nake ba.

Na je gaishe shi da sallar da ta wuce, na nuna masa bidiyon inabin a wayata. Ya kalla sau biyu, ya ce ikon Allah, ya tambaye ni ko na'urar tana huɗa. Bana da aron sa ya yi noma, yana tara kuɗin wani. Ya ce tun da ya dawo, mutum huɗu a garin sun zo masa da dare, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tambaya wai don wani ɗan'uwansa. Biyu ya raka su asibiti da kansa, an yi musu, sun dawo washegari. Sauran biyun sun ce sai bayan kaka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.